Hajiya Fourera Ta Yi Wa Na'ura Turare

Masu bin labarin nan, sallama a gare ku. Na ga masu tambayar ko rana aka sa shi ya sa na yi shiru, har wata baiwar Allah tana cewa in turo mata kalar anko. Ki bar telanki ya huta tukuna, 'yar uwa. Ba biki ne ya ɓoye ni ba, aiki ne, kuma aikin nan yana neman ya kai ni ya baro.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Rahina, ina shekara ta uku a jami'a a nan Greensboro, ƙasar Amurka. Gidanmu yana McLeansville, inda sai ka shiga mota kafin ka je aron gishiri. Wanda nake so sunansa Lamine, asalinsu mutanen Maraɗi ne, aikinsa haɗa na'urorin sanyaya gidaje. Shi kam ba ni da matsala da shi. Matsalar tana wajen mahaifiyarsa, Hajiya Fourera, wadda har yau ba ta ce e ba, ba ta kuma ce a'a ba. Duk durƙuson da zan yi in gaishe ta, amsar ɗaya ce: "Lahiya lau." Sai ta kalli mayafina, ta kalli takalmina, ta ci gaba da abin da take yi. Kawunnan Lamine a shirye suke su zo wajen Baba neman aure, ita kawai suke jira ta ɗaga kai.

Saboda haka Mama ta riga ta tsara mini hutun bana tun kafin a rufe makaranta. Duk suna, duk walima, duk saukar Alƙur'ani, ina nan da faranti a hannu ina raba abinci inda Hajiya za ta gan ni.

"Hutun nan na nuna kai ne," in ji Mama. "Mace sai an ga zamanta da tashinta."

Ni kuwa ashe an ɗauke ni a wani shirin bincike na lokacin hutu. Don ɗalibai irina aka yi shi, waɗanda ba a cika ganin fuskokinsu a ɗakunan gwaje-gwaje ba: baƙaƙen fata, 'ya'yan waɗanda suka zo daga wasu ƙasashe, da waɗanda su ne farkon shiga jami'a a gidansu. Ana haɗa ka da malami, ka yi aiki a kan yadda muhalli yake taɓa lafiyar mutum, iskar da muke shaƙa, ruwan da muke sha, har ƙurar da ke ƙarƙashin kujera. Ranar da saƙon ya shigo, a wajen ajiye motoci na tsaya ina rawa ni kaɗai, wani tsoho yana kallona daga cikin motarsa. Da na gaya wa Mama, sai da ta gama yanka albasarta kafin ta amsa.

"Wato 'ya'yan mutane suna walima, ke kina can kina shinshina ƙura."

Malamar da aka haɗa ni da ita sunanta Dokta Pettiford, wata doguwar mata mai furfura, mai yawan dariya, da takalmin gudu ko a ofis. Aikinmu auna iskar cikin gidaje. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce gwangwanin madarar gari ba, ka ajiye ta a falo, ita kuma tana lissafa ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ƙura da ido ba ya gani. Dokta ta ce ba ta taɓa samun shiga gidajen mutanenmu ba, ni ce mai mabuɗin. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Abin mamaki, da Mama ta ji gida-gida zan bi, nan take ta sauya ra'ayi.

"Gida-gida kika ce? Har cikin falo?"

"E, Mama."

"To ki fara da gidan Hajiya Fourera. Ki sa atamfar nan mai ruwan goro, ba wannan wandon naki mai kama da buhun gero ba. Kuma kada ki zauna a kujera."

Haka aka yi. Na sa atamfar, na yafa mayafi mai ruwan madara, na goge jan bakin da na shafa tun a mota, na tafi Pleasant Garden da ilimin kimiyya a cikin jakar hannu. Na zauna a kan kafet na yi bayani kaina a ƙasa. Hajiya ta juya na'urar sama da ƙasa kamar mai duba kankana a kasuwa.

"Mi yake yi?"

"Iskar gida yake aunawa, Hajiya. Ko mai kyau ce, ko ba mai kyau ba."

"Wa za ya gani?"

"Malamarmu, da mutanen jami'a."

Ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta nuna teburin tsakiyar falo da haɓa. "Aje shi nan."

Sauran gidajen ma ba su ba ni wahala sosai ba, in ban da tambaya ɗaya da kowace ta yi mini a ɓoye a kicin: wai abin yana ɗaukar magana? Da na rantse ba ya ɗauka, sai hankali ya kwanta. Kowace na gaya mata abu ɗaya, ta yi harkarta yadda ta saba, ta manta ma da shi. Na fito ina jin kaina wata babbar masaniya.

Ba a jima ba Dokta ta kira ni ofishinta. Ta juyo mini da kwamfuta. Layin da ke nuna yawan hayaƙi, wanda ya kamata ya kwanta yana ɗan motsi, sai ga shi ya miƙe tsaye, ya sauka, ya sake miƙewa, a kusan kowane gida.

"Rahina, gobara ake yi a unguwanninku ba a gaya mini ba?"

Na yi dariyar yaƙe. Ta ce ko dai na'urorin sun lalace gaba ɗaya, ko kuma akwai abin da na yi ba daidai ba wajen kunna su. Ba ta faɗa da faɗa ba. Duk hanyar gida ina tuna yadda na danna kowane maɓalli.

Ina buɗe ƙofar gidanmu na sami amsata. Hayaƙi ya cika falo har ba a ganin agogon bango sosai. Mama tana tsugune a gaban teburi, kaskon turaren wuta a gabanta, mafici a hannunta, tana fifita hayaƙin kai tsaye cikin hancin na'urar da na ajiye a gidanmu.

"Mama, me kike yi?"

"Me kika ga ina yi?"

"Na ce ku yi yadda kuka saba."

"To da ba na sa turare ne? Matsa, kina tare masa iska. So kike a ce gidan Bebi ya fi gidan ubanki?"

Anti Bebi ƙawar Mama ce, matar wani likita, suna zaune a Irving Park, kuma duk labarin da ya shiga kunnenta yakan fito da ƙiba. Mama ta miƙo mini waya ba tare da ta daina fifita ba. Saƙon murya ne a zauren matan garin:

"'Yan uwa, ina fatan kun wuni lafiya. Na ji daga majiya mai tushe, akwatin nan na Rahina marks yake ba wa gidaje. In an gama za a manna result a university, kowa ya ga gidan da ya fi tsabtar iska. Ni dai ba zan bari a ce gidajen Hausawa suna warin daddawa ba. Kada wata ta ce ban faɗa ba."

A ƙasa kuwa amsoshi sun fi a ƙirga. Wata tana tambayar ko a fesa masa humra. Wata ta ce ita takan matsar da nata ɗakin barci in za ta soya kifi. Wata ta sa hoton nata, ta ɗora shi a kan tire, ta kewaye shi da furannin roba.

Na zauna a hannun kujera, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Laifin wa? A wajenmu gida mai iska mai kyau shi ne gidan da za ka shiga ƙamshi ya tare ka tun daga ƙofa, ya bi ka har mota, ya kwana a mayafinka. In babban baƙo zai zo, garwashi ake fara haɗawa kafin a ɗora tukunya. Ni na kawo musu baƙo daga jami'a na ce zai duba iskarsu, su kuma suka karrama shi.

Da na kai wa Dokta labari washegari, sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Ta sa na maimaita mata zancen furannin roba. Ta ce kada in damu, aikina bai lalace ba, ya ma fi wanda muka tsara daɗi, don yanzu za mu ga ainihin abin da hayaƙin turare yake yi wa falo a rufe. Har na fara sakin jiki. Sai na ga dariyar ta bar fuskarta, ta sa yatsa a kan layi ɗaya.

"Sauran gidajen suna hawa suna sauka. Wannan ba ya sauka, tun safe har yamma. Kuma a tambayoyin farko an ce akwai yarinya mai asma a gidan. Wannan ba na jiran ƙarshen bincike ba ne, Rahina. A gaya musu yanzu. In kina so ni zan kira su."

Lamba ce a jikin layin, ba suna ba, amma ni na kai na'urar da hannuna. Gidan Hajiya Fourera ne. Yarinyar kuma Yasmina ce, jikarta, 'yar Anti Houda yayar Lamine, wadda ake kawo ta wuni wajen kaka tunda an yi hutu.

"A'a, Dokta, ni zan je," na ce da sauri. Na hango baƙuwa tana kiran Hajiya a waya da Turanci tana gaya mata gidanta ba shi da lafiya, na ga aurena yana tafiya a ƙafa.

Yanzu ku tsaya ku ji inda gizo yake saƙar. Hajiya Fourera ba mai sa turare ba ce kawai, ita ce mai haɗa shi. Duk amaryar da aka yi a garin nan da kwalabenta aka kai ta ɗaki. Sandal da hawi da jawul daga gida ake aiko mata, haɗin kuma a wajen mahaifiyarta ta koya, ba ta taɓa gaya wa kowa sirrinsa ba. Ni kuwa a gabanta ko ruwa ba na iya sha. Sunan ɗanta ba na faɗa, sai dai in ce "shi". Wannan bakin da ba ya iya furta Lamine, shi ne zai buɗe ya ce mata abin da ta fi alfahari da shi a duniya yana cutar da jikarta.

Na rubuta wa Lamine tun ina cikin mota.

"Akwai aikin da za ka yi mini."

"Faɗi, ranki ya daɗe. Ko wata kike so in sauko miki da shi?"

"Ka gaya wa Hajiya ta rage turare. Hayaƙin ya yi yawa, saboda Yasmina."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Watan dai ya fi sauƙi."

"Lamine, da gaske nake. Kai da kake gyaran iska a gidajen mutane."

"Gidajen mutane, ba gidan Maman ba. Kin ga hular wankan da ta sa wa ƙararrawar hayaƙi don kada ta yi kuka? Na taɓa cire ta. Har aka yi sallar layya ba ta kira sunana ba, sai dai ta ce wancan yaron."

"To ni ce za ta saurara?"

"Ke ce mai ilimin. Courage, chérie, yi ƙarfin hali. Ina bayanki."

"Nesa ko kusa?"

"Ina da aiki a wani gari gobe."

Kun ji namijin da nake shirin aura. Na koma wajen Mama ko za ta yi mini jagora, tunda su manya sun san yadda suke zagaya magana. Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Rahina, wai ke wace irin yarinya ce? Matar da muke lallaɓawa kamar ƙwai, ita za ki je ki ce wa turarenta guba ne? Ki rufe mini baki har a zo a yi gaisuwa. Bayan nan ki je ki karanta mata duk littafinku."

"Mama, yarinyar tana da asma."

"Tun yaushe take da asmar? Yau ta fara? Uwarta ba ta da ido ne?"

Zan gaya muku gaskiya, maganar Mama ta yi mini daɗi, don ta ba ni wurin ɓuya. Na ce wa kaina gobe. Goben ta zo, na shirya, na tuƙa har kwanar gidansu, na ga motar baƙi a ƙofa, na ce ai bai kamata a gaban mutane ba, na juya. Wata goben kuma na ce kaina yana ciwo. Dokta ta tambaye ni a baranda ko na je, na ce mata ina kan hanya, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tunda kullum ina kan hanyar.

Ranar Juma'a ta sake tambayata, wannan karon ba ta yi murmushi ba. Daga ofishinta na wuce gida, na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare a wuya, na yi nafila, na kama hanyar Pleasant Garden.

Tun daga inda na ajiye mota ƙamshin ya tare ni. Allah ya sani turaren matar nan ba shi da na biyu, ko ina cikin tashin hankali sai da na lumshe ido. Na yi sallama na shiga. Na'urata tana kan teburi, an shimfiɗa mata farin kyalle mai aikin hannu, kasko a damanta, kasko a hagunta. Tagogi a rufe, labule a sauke. Yasmina tana kwance a doguwar kujera da wayar kakarta, abin shaƙar maganin asmarta a gefen matashi.

"Yasmina, ya jiki?"

"I'm okay, Anti. Grandma says it's the pollen."

Wai kakarta ta ce ƙurar furanni ce. Ta yi tari, irin mai fito a ƙarshe. Hajiya ta fito daga kicin da zani ɗaure a ƙirji a kan riga, na zube a kafet na gaishe ta.

"Lahiya lau. Kin zo ganin baƙonki?" Ta nuna na'urar. "Ga shi nan, ba ya da abin da za ya ce an rage shi da shi. Ba wanda nake saida ma su Bebi nake sa mishi ba. Wanga na cikin akwatina ne, wanda na aje tun auren Houda."

Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon haka ba. Na ce, "Hajiya, ai da ba ki wahalar da kanki ba."

Ta zauna, ta gyara garwashi da ɗan cokali, ba ta kalle ni ba.

"Ke ba ki da wayo, ɗiyata. Mutanen lakwal ɗinku, malaman nan naku, za su duba, ko ba haka kika ce ba? In sun tambaye ki wanga gida na wa ne, mi za ki ce? Gidan da za ki shiga ne. In bari a yi miki dariya cikin abokan karatunki?"

Masu karatu, kun ji abin da na ji? Ɗiyata. Gidan da za ki shiga. Maganar da na yi wata da watanni ina jira, wadda Mama take sadaka a kanta, ga ta an ajiye mini a kan kafet ba tare da na roƙa ba. Farin ciki ya rufe ni har idona ya kawo ruwa. Wata zuciyar ta ce, Rahina, tashi ki yi godiya ki tafi, ki kira Lamine a mota ku yi ihu tare, sauran magana a yi ta bayan gaisuwa. Har na dafa ƙasa zan miƙe.

Yasmina ta sake yin tarin, ta laluba gefen matashi ba tare da ta ɗauke ido daga waya ba, kamar abin da ta saba.

Na koma na zauna. Na kafa idona a kan wani zanen fure na kafet, na fara magana da shi, don ba zan iya da fuskarta ba. Na ce na'urar ba ta jin ƙamshi. Na ce hayaƙi take ƙirgawa, kowane iri, na itace ko na turare, duk ɗaya ne a wajenta, kuma duk ɗaya ne a ƙirjin yaro. Na ce babu maki, babu gasa, babu abin da za a manna. Na ce a duk gidajen da muka auna, nan ne hayaƙin ya fi yawa, kuma malamarmu ta ce irin wannan yana tayar da asma. Ban san yadda na kai ƙarshe ba.

Ina jin garwashi yana ƙara a cikin kasko.

Hajiya ta miƙe. Ta ɗauki kaskon dama da gefen zaninta ta fita da shi ta ƙofar baya, ta dawo ta ɗauki na hagu. Ta yaye labule, ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa, wata ma sai da ta sa ƙarfi don ta daɗe a rufe. Ta ce wa Yasmina ta je baranda ta zauna. Sannan ta dawo ta tsaya a kaina. Na shirya jin an ce ba ni da tarbiyya, na shirya jin wace ce ni da zan koya mata sana'arta.

"Yaushe kika sani?"

"Hajiya..."

"Ɗago ki dube ni. Yaushe?"

Na ɗago. Karo na farko ke nan da na ga idanunta sosai, kuma sun yi ja, ba na hayaƙi ba.

"Tun farkon sati."

"Kika yi shiru."

"Kunyarki nake ji, Hajiya."

"Kunya," ta maimaita a hankali. "Ran Laraba Houda ta kwashi yarinyar ga ta kai ta asibiti wajen lokotoro, numfashinta ba ya fita. Ni kuma da gari ya waye na ƙara garwashi, don ke. Da hannuna."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta juya ta cire farin kyallen daga ƙarƙashin na'urar, ta ninke shi, ta mayar da na'urar kan teburi tsirara.

"Wanga ya zauna nan, ya ci gaba da aikinshi. Ke tashi ki tahi gida. Ki ce ma mamanki ina nan zuwa gobe bayan la'asar." Ta ɗan tsaya. "Ni kaɗai. Kada ta dafa ma kawunnai komi."

Ga ni a cikin mota a ƙofar gidanta nake rubuta muku wannan, ban iya tayar da ita ba tukuna. Yasmina tana baranda tana ɗaga mini hannu, Lamine ya kira har ya gaji, kuma har yanzu ban san da bakin da zan gaya wa Mama ba.